Tsagar Bim: Wadda Ake Sa wa Ido da Wadda Ake Kwashe Iyali Saboda Ita

Tun da damina ta kankama, wasiƙun masu karatu da ke zuwa wannan fili namu na tambayoyin gini suka koma kan abu guda, wato tsaga a jikin bim, kankaren nan da ke kwance bisa ginshiƙai yana ɗauke da dekin. Mun zaɓi shida daga unguwannin Accra, kuma injiniyoyin gini da ke kula da wannan fili ne suka amsa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da bene mai hawa ɗaya, shaguna a ƙasa, ɗakunan haya a sama. Bim ɗin da ya ratsa babban shagon tsawonsa mita 5 ne. Na ga tsaga uku sirara a tsakiyarsa, a tsaye, sun taso daga ƙasa. Magini ya ce filasta ce kawai, a shafe a yi fenti. In yarda? (Wani mai gida, Nima)

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Mai yiwuwa maginin ya yi gaskiya, amma ba a gane haka daga ƙasa. A kafa tsani, a sa guduma da cizal a ɓamɓare filastar kamar faɗin tafin hannu a kan kowace tsaga har kankare ya fito. In kankaren lafiya lau yake, to ciwon a fata ya tsaya, a sake shafawa an gama. In kuwa tsagar ta bi cikin kankaren, sai a tsaya a karanta ta kafin kowa ya kwaɓa siminti.

Ka ɗauki kara guda, ka ɗora bakinsa biyu a kan duwatsu, ka danna tsakiyarsa. Samansa matsewa yake yi, ƙasansa yana miƙewa, kuma daga ƙasan zai fara darewa. Haka bim yake. Kankare gwani ne wajen jure danniya, amma in aka zo ja, ƙarfinsa bai wuce kamar kashi ɗaya cikin goma na wancan ba. Shi ya sa ake jera rodi a ƙasan bim, kuma rodin ba ya karɓar aikinsa sosai sai kankaren da ke kewaye da shi ya ɗan tsage. Don haka tsaga siririya kamar gashi, a tsaye, a tsakiyar bim, lissafin injiniya ma ya san da zuwanta. Abin dubawa shi ne faɗinta, tsayinta, da ko tana ƙaruwa.

Ƙa'idar BS 8110 ta Ingila, wadda injiniyoyi a Gana suka daɗe suna aiki da ita, ta sa iyakar faɗin tsaga a milimita 0.3. Ka ari ma'aunin nan mai siraran ƙarafa da makanikai ke saita bawul da shi, ko ka saya a kasuwar kayan mota ta Abossey Okai, kowane ganye da lambarsa a jiki. In ba ka samu ba, reza kaurinta kamar milimita 0.1 ne, katin banki kuma ya kusa 0.8. Tsagar da reza ke shiga da ƙyar, a sa mata ido. Wadda katin banki ya shige cikinta ta ninka iyakar fiye da sau biyu, ta wuce aikin magini.

Sai ka ja layi da fensir a daidai inda kowace tsaga ta ƙare, ka rubuta kwanan wata a gefe. Ka kwaɓa farar hodar silin ta POP, ka manna ta kamar girman kwabo a kan tsagar, a jikin kankare ba a kan filasta ba. Hodar ba ta da juriya, bim ya motsa ko yaya ne za ta dare. Ka riƙa dubawa duk mako har wata biyu ko uku. Ka kuma ja igiya ta miƙe sosai daga wannan baki zuwa wancan a ƙarƙashin bim ɗin, ka auna yadda cikinsa ya sauko. Abin da aka yarda da shi shi ne tsawon bim a raba gida 250, wato naka kada ya wuce santimita 2. Sai dai wani bim tun ranar zubi katakon ya lotsa, a haka aka haife shi, saboda haka awon da ka maimaita bayan wata guda ya fi na farko faɗar gaskiya.

In hodar ba ta dare ba, layin fensir bai motsa ba, faɗin kuma bai kai iyaka ba, a rufe tsagar don kada danshi ya kai ga rodi, shi ke nan. Amma in ta haura rabin tsayin bim tana neman dekin, ko sababbi suna fitowa a gefenta, ko ƙofar shagon ta fara cijewa, to rodin ya yi wa nauyin kaɗan. Sau da yawa dalilin yana sama: an gina bangon bulo a kan dekin don a raba ɗaki biyu, ko ɗan haya ya mai da ɗakinsa sito. Ka hau ka duba abin da ke zaune bisa bim ɗin.

Tambaya: Saboda yankewar ruwan famfo na ɗora tankin roba mai lita 5,000 a kan dekin. Bayan wata biyu sai ga tsaga a karkace a jikin bim, kusa da ginshiƙi, ta ɓangarorin biyu. Ba ta da faɗi sosai. (Mai karatu, Madina Zango)

Amsa: Malam, ka zubar da ruwan tankin nan yau, kada ka jira gobe, kuma a daina kwana a ɗakin da ke ƙarƙashinsa. Cikin duk tsagar da bim ke yi, wannan ce muka fi tsoro.

Lita 1,000 na ruwa tan ɗaya ne. Tankinka in ya cika tan biyar ke nan, nauyin buhun siminti ɗari, a wurin da bai wuce shimfiɗar tabarma biyu ba. Dekin gidan zama kuwa ana lissafa masa kamar kilo 150 ne a kan kowace murabba'in mita, na mutane da kayan ɗaki. Ka ɗora masa fiye da ninki goma.

Tsagar da ta taso daga ƙasa kusa da ginshiƙi ta hau a karkace tana nufar tsakiyar bim, alama ce nauyi yana neman yanke bim ɗin daga jikin ginshiƙi kamar almakashi. Dogayen rodin ƙasa ba su ne maganin wannan ba. Maganinta zobban nan ne da ake ɗaure rodin da su, waɗanda masu ɗaurin ƙarfe ke kira rin. A nan aka fi yin tsimi, don in kankare ya rufe babu mai ƙirga su. Kusa da ginshiƙi ya kamata su matsu, santimita 10 zuwa 15 tsakani, kuma ko a tsakiyar bim tazararsu kada ta wuce kashi uku cikin huɗu na zurfinsa. Bim ɗin da rodin ƙasa ya gaza masa yakan lotsa a hankali, ya ba mutane lokacin fita. Wanda zobba suka gaza masa karyewa yake yi farat ɗaya. Saboda haka ƙanƙantar tsagar kada ta kwantar maka da hankali.

Bayan an zubar da ruwan sai tokara. A samo matokaran ƙarfe masu juyawa, ko katako mai kauri santimita 10 ta kowane gefe, ba siririyar gora ba. A shimfiɗa katako mai faɗi a ƙasa, a sa wani a sama ya rungumi ƙasan bim, a jera matokaran da tazarar da ba ta kai mita ɗaya ba, a fara daga gefen tsagar. A matse su har su kama kawai. Kada a sa jak a ce za a mai da bim ɗin mazauninsa, don tura shi sama zai tsaga shi ta saman da ba shi da rodi isasshe. In akwai wani hawa a ƙasa, tokarar ta ci gaba a kan layi ɗaya har ta taka ƙasa, in ba haka ba nauyin kawai aka sauya wa wuri.

Gyaran dindindin na injiniya ne, kuma wanda aka fi yi a nan shi ne a sa wa bim riga. A sassaƙe fuskar tsohon kankaren ta yi kaushi, a huda dekin a zuro sababbin zobba su kewaye bim ɗin gaba ɗaya, a dasa gajerun rodi a jikinsa da gam ɗin efoksi don tsoho da sabo su zama abu guda, a kafa katako, a zuba kankare mai kaurin santimita 7 zuwa 10 da ƙananan tsakuwa ta ramukan da aka huda daga sama. Akwai kuma naɗa ƙyallen zaren kabon, mai sauri da tsabta, amma ba ya kama kankare mai rauni, sai an gwada ƙarfin fuskar tukuna.

Bakin kowane zobe a lanƙwasa shi ya shige ciki, digiri 135, ba 90 ba. Accra ƙasar girgiza ce. Ta watan Yunin 1939 ta rushe gidaje ta kashe mutane, kuma har yanzu mutanen Weija da McCarthy Hill suna jin motsin ƙasa jefi-jefi. Zoben da aka lanƙwasa rabi buɗewa yake yi in gini ya jijjiga. Shi kuwa tanki a gina masa nasa ƙafafun daga ƙasa, da nasa tushen.

Tambaya: Ina yi muku fatan alheri. A kicin da banɗakina tsaga ta bi ƙasan bim a kwance, doguwa, da jan ruwa kamar tsatsa. Makon jiya wani ɓaraguzi ya faɗo har ina ganin ƙarfe. Shekara biyu da suka wuce an shafe wurin da siminti, ga shi ya dawo. (Wata uwar gida, Sabon Zango)

Amsa: Hajiya, mun gode, Allah ya tsare gaba. Wannan ba nauyi ba ne, tsatsa ce ke turo kankaren daga ciki, kuma dole ta dawo tunda rufe ta aka yi ba cire ta ba.

Sabon kankare yana da kaifi irin na toka, kuma wannan kaifin ne ke hana rodi tsatsa ko da akwai danshi. Abu biyu ke karya wannan kariya. Na farko iska: tana ratsa kankare a hankali shekara da shekaru tana kashe kaifin, in ta kai ga rodi sai tsatsa ta fara. Na biyu gishiri, kuma shi ne babban abokin gaban gini a Accra. Iskar teku tana kawo shi, yashin bakin teku kuma yana shigar da shi cikin kankare tun ranar kwaɓi. Tsatsa tana cin wuri ninkin ƙarfen da ta cinye sau da yawa, sai ta kumbura ta tsaga kankaren a kan layin rodin. Daga nan ruwa ya samu hanya, kin san sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin da ke jinkirta duk wannan shi ne kaurin kankaren da ya rufe rodi: santimita 2.5 a cikin ɗaki, 4 zuwa 5 a waje ko kusa da teku. Ana samun wannan kaurin da 'yan gutsattsarin siminti da magina ke kira biskit, ana sa su ƙarƙashin rodi kafin zubi. In aka manta da su rodin ya kwanta a kan katako, fatar da ta rufe shi ba ta fi kaurin yatsa ba.

Ga yadda gyaran gaskiya yake. A fara da ruwan da ke jiƙa wurin, bututun banɗakin sama ne ko ruwan sama da ke kwanciya a dekin, a tsayar da shi. A tokare bim ɗin. Sai a bi jikinsa ana ƙwanƙwasawa da ƙaramar guduma. Lafiyayyen kankare ƙara yake yi tsaf, wanda ya rabu da rodi kuwa amo yake yi kamar ganga. A zagaye duk inda ya yi amon da alli, za ki ga ya ninka abin da ido ke gani. A yanka iyakar wurin da injin yanka, zurfin santimita ɗaya, don bakin gyaran ya tsaya a miƙe. Gyaran da bakinsa ya tafi yana siririncewa ɓallewa yake yi.

A fasa kankaren har bayan rodin, a bar sararin da yatsu za su zagaya shi, kamar santimita 2. Wannan ne matakin da ake tsallakewa, alhali tsatsar bayan rodi ita ke dawo da aiki baya. A bi rodin ta kowane gefe har a samu santimita 10 na ƙarfe mai tsabta. A goge shi da burushin ƙarfe na inji har ya yi haske, sannan a auna kaurinsa. Rodi mai kaurin milimita 16 da ya koma 14 a ido kamar bai rasa komai ba, amma ya rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na namansa. Irin wannan sai an haɗa masa sabo a gefe, ya zarce wurin da ya lalace ta kowane ɓangare da tsawon kaurinsa sau 40 zuwa 50, wato santimita 64 zuwa 80 ga rodin 16. Zoben da ya tsinke ma a maye shi. Kada a yi walda sai injiniya ya ce a yi, kuma kada a shafa wa rodi fentin mai ko baƙin man mota, suna hana siminti kama shi. Akwai ruwan shafa rodi na musamman, ko a dama siminti da farin ruwan roba da ake kira SBR.

A jiƙa tsohon kankaren tun daren jiya ya sha ya ƙoshi, amma lokacin aiki kada ruwa ya kwanta a fuskarsa. In busasshe ne zai tsotse ruwan sabon kwaɓin ya bar shi gari. A shafa ruwan da ke haɗa tsohon kankare da sabo, kafin ya bushe a danna kwaɓin da hannu mai safa har bayan rodi. Kwaɓin gyara da ake sayarwa a buhu ya fi, don ba ya tsukewa in ya bushe. In za a haɗa a wurin, siminti ɗaya, yashi mai kaifi wankakke uku, da SBR gwargwadon yadda aka rubuta a jikin galan. A riƙa sawa hawa-hawa, kowane hawa kada ya wuce santimita 2. Ramin da ya zarce santimita 5 katako za a kafa masa a zuba kankare mai ƙananan tsakuwa. A lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu kwana bakwai, a bar tokara aƙalla mako biyu.

Sai gaskiyar da ba ta da daɗi, Hajiya. In da yashin teku aka yi ginin, gishirin yana ko'ina, kuma sau da yawa tsatsa takan ɓulla a gefen sabon gyaran. A sa a ɗebi garin kankaren a gwada yawan gishirinsa. In ya yi yawa, ko a dasa 'yan dunƙulen zinki a ɗaure su da rodi su riƙa cin tsatsar a madadinsa, ko a yi shawarar sake bim ɗin.

Tambaya: Ni magini ne. Wani zubi da na yi da hunturu, washegari na tarar da tsaga a saman bim, a jere, tazararsu ɗaya. Mai gida ya ce siminti na rage. (Magini, Fadama)

Amsa: Ɗan'uwa, auna tazarar, za ka ga daidai take da ta zobbanka. Ɗanyen kankare yana zama bayan zubi, tsakuwa ta sauka ruwa ya taso, sai zobba su riƙe na samansu ya tsage a kansu. Ruwa ne ya yi yawa, ko ba a girgiza da kyau ba, iskar hunturu kuma ta busar da fuskar. Da ka gani tun yana ɗanye, sake sa injin girgiza da lailayewa zai rufe ta. Yanzu sai a buɗe bakinta a cike, don ita hanya ce kai tsaye zuwa ga ƙarfe.

Ga bim muna son buhun siminti ɗaya, kwanon sarki uku na yashi, shida na tsakuwa, ruwa kuma kada ya wuce lita 25, kamar cikin jarka rawaya da ake kira galan ɗin Kufuor. In yashin jiƙaƙƙe ne a rage. Leburori suna son kwaɓi mai ruwa don ya fi sauƙin zubawa, amma duk ruwan da ya ƙaru rami yake bari in ya ƙafe. Gwada yashinka a kwalba da ruwa: ka girgiza ka ajiye, in laka ta kwanta a sama ta kusa kashi ɗaya cikin goma, a wanke shi ko a mayar. Ka kuma auna rodi da kanka, don a kasuwa akwai 11.5 da 14, kuma ana ba wanda bai auna ba su a matsayin 12 da 16. Mita ɗaya na rodin 12 nauyinsa ya kusa kilo 0.89, na 16 kuma 1.58.

Katakon gefe ana iya cirewa bayan kwana biyu. Tokarar ƙasa kuwa ta kwana 21, ko mai gora ya matsa yana son kayansa. A kwana bakwai kankare bai wuce kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa ba.

Tambaya: Sau biyu ana cike wata tsaga a inda bim ya haɗu da ginshiƙin kusurwa, duk damina sai ta buɗe. Bangon ƙarƙashinta ma ya tsage kamar matakala. Ɗana da ke Jamus ya ce a yi mata allurar efoksi. (Wani dattijo, Alajo)

Amsa: Ranka ya daɗe, allurar gaskiya ce, amma ba yanzu ba. Tsagar da ke buɗewa da damina, tare da bangon da ya tsage kamar matakala, suna nuna ƙafar ginshiƙin ce ke nutsewa. Alajo kwari ce a bakin kogin Odaw, ƙasarta tana shan ruwa ta yi laushi. Efoksi ya fi kankare ƙarfi, in aka ɗura shi ginshiƙin yana kan sauka, sabuwar tsaga za ta fito a gefen tsohuwar. A haƙa gefen tushen a gani: ruwan rufi ne ke zuba a gindinsa, ko kwata ce ke yoyo, ko tushen ne ya yi ƙanƙanta a kan ƙasar ciko. A kawar da ruwan, in ta kama a faɗaɗa tushen, shi ma kaɗan-kaɗan ake yinsa ba a tone shi gaba ɗaya ba. Sai a manna hodar POP a bari damina guda ta wuce.

In tsagar ta mutu, sannan allura. Dole ta kasance a bushe, ba tsatsa a ciki. A hure ƙurar da busasshiyar iska, a manna 'yan bututun ɗuri a kan layinta da tazarar santimita 15 zuwa 25, a toshe sauran bakinta da efoksi mai kauri ta gefe biyu da ƙasa, a bari ya daskare. Sai a haɗa mai ruwa-ruwa, kaɗan-kaɗan, don a zafin Accra yana saurin kamawa a cikin kwano. A fara daga bututun ƙasa, a tura a hankali har ya ɓullo ta na samansa, a toshe na ƙasan a koma na gaba. Daga ƙasa ake farawa don iska ta samu mafita. Bayan kwana ɗaya a karye bututun a goge.

A kula da abu biyu. Akwai wani ruwan ɗuri mai kumfa, na tsayar da yoyo ne, ba ya haɗa kankare. Shi ma efoksin mai da bim yake yi yadda yake a da, ba ya ƙara masa ƙarfin da bai taɓa samu ba.

Tambaya: Muna son ƙara hawa a kan makarantar Islamiyyarmu. Ginin ya haura shekara ashirin, rodin da aka bari a sama ya yi tsatsa, barandar gaba ta tsage ta sama a inda ta haɗu da bango, mai famfo kuma ya huda bim ɗaya ya wuce da bututu. (Kwamitin makaranta, Maamobi)

Amsa: Malamai, Allah ya saka da alheri da kuka tambaya kafin a sauke bulo. Ku fara hana yara hawa barandar. Baranda mai fitowa ba ginshiƙi a bakinta, samanta ne ke miƙewa, don haka rodinta a sama yake. In leburori suka tattake shi ya sauka ƙasa ranar zubi, kamar babu shi ne, kuma tsagar da kuka gani a nan take fitowa. A tokare ta daga baki. Ramin mai famfo kuma, in kusa da ginshiƙi yake ko ya yanke ƙarfe, a ɗauke shi kamar tsagar mai tankin Madina.

Kada a ɗora komai sai injiniyan gini mai rajista, wanda za ku iya tantancewa a ƙungiyar injiniyoyi ta GhIE, ya binciki ginin. Zai sa na'urar da ke gano rodi ta cikin kankare ya san yawansu da zurfinsu. Zai buga gudumar gwaji, amma ita fuska kawai take ji, saboda haka ku nemi a yanko gundumen kankare kamar gwangwani daga wurare uku ko fiye, a kai ɗakin gwaji a murƙushe. Zai fesa ruwan fenoftalin a sabon karaya: inda ya koma jaja-jaja kaifin simintin yana nan, inda bai canja launi ba ya mutu. Zai kuma tona tushe ya auna faɗinsa. Cibiyar binciken gini da hanyoyi ta BRRI da ke Fumesua kusa da Kumasi tana irin waɗannan gwaje-gwaje, a Accra ma akwai ɗakunan gwaji.

Ƙarin hawa yana buƙatar sabon izini daga majalisar yankinku, kuma tun 2018 ƙasar nan tana da kundin ƙa'idar gini nata, GS 1207. Mutanen Accra ba su manta da benen kantin da ya rufta a Achimota a Nuwamban 2012 ba, ku kuwa yara ne za su zauna a ƙarƙashin naku. In rahoton ya ce ginshiƙan ba za su ɗauka ba, akwai hanya biyu: a sa musu riga tun daga tushe, ko a yi hawan saman da ƙarfe da rufin kwano maimakon bulo da dekin. Ku karɓi rahoton a rubuce, da sa hannu da hatimin injiniyan, ku ajiye kwafi a ofishin makaranta.